Alƙalamin Masana da Dokokin Arewa: Abin da Aka Karanta da Abin da Aka Tsallake

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa kotun majistare a Kano ko Zariya ko Maiduguri, ya ji ɗan sanda mai gabatar da ƙara yana karanto sashe kaza na Final Kod, wato kundin dokar laifuffuka na Arewa. Wannan kundi yana da salsala mai tsawo. Wani Bature ɗan siyasa kuma marubuci, Macaulay, shi ya jagoranci tsara kakansa domin ƙasar Indiya, aka kafa shi doka a can a 1860. A 1899 Turawan Ingila suka kwaikwaye shi suka kai Sudan. Daga na Sudan ɗin aka ɗebo namu, Majalisar Jihar Arewa ta amince da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a ba Najeriya mulkin kai. Wasu jihohi sun yi masa kwaskwarima a 'yan shekarun nan, amma ƙashin bayansa yana nan.

Abin da ya sa na fara da wannan salsala shi ne, a kowace gaɓa tata akwai hannun wani masani. A ƙasar nan binciken masana kan doka bai taɓa zama ɗan kallo ba. Abin da suka rubuta a mujalla ko rahoto, sau da yawa shi ya koma sashen da ake ɗaure mutum da shi, ko ake karɓe masa gona. Don haka wanda ya yi binciken, da wanda ya sa shi, da tambayar da ya tafi da ita, duk sun shafi talaka kai tsaye, ko da bai taɓa jin sunan jami'ar ba.

Kafin zuwan Turawa nazarin shari'a a nan tsoho ne. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan yadda ake mulki da hukunci. Ana cikin jihadi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano, mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa komawa gare shi, ya rubuta Diya'ul Hukkam. Almajiri kuwa hanyarsa sananniya ce: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har ya kai Muhtasar na Shehu Halil, wanda zai zama alƙali ya haɗa da Tuhufa ta Ibnu Asim. Wannan ilimi na masu aiki da shari'ar ne da kansu. Tambayarsu ita ce mene ne hukunci, kuma wace magana ce mashahuriya a mazhabar Malikiyya.

Gwamna Lugga ya zo da wata tambaya daban. Ya bar kotunan alƙalai da majalisun sarakuna suna aiki, ya hana yanke hannu da jifa, ya sa sharaɗin kada hukunci ya saɓa wa abin da Turawa ke kira adalci na ɗabi'a. Sai ga Razdan da Di'o an ɗora musu duba hukuncin alƙali alhali ba su iya karanta abin da alƙalin ya dogara da shi ba. Domin su ne wani jami'in mulki, F. H. Ruxton, ya fitar da littafin fiƙihun Malikiyya da Turanci a 1916, bisa umarnin Lugga. Bai fassara daga Larabci ba. Taƙaitawa ya yi daga fassarar Muhtasar da Faransawa suka yi don mulkin Aljeriya. Wanda ya zauna gaban malami ya san Muhtasar ba ya karantuwa sai da sharhi, domin kalma guda tana iya ɗauke da saɓanin malamai uku. Amma wannan taƙaitaccen littafi ya daɗe a kan teburin jojoji da lauyoyi, har bayan mulkin kai ana kafa hujja da shi.

Babban abin da wannan zamani ya bari shi ne rabe-raben da ya yi. An jefa shari'ar Musulunci cikin jaka ɗaya da al'adun ƙabilu, aka kira su duka dokar gargajiya. Wannan ba maganar suna ba ce kawai, domin dokar gargajiya a tsarin Turawa tana ƙarƙashin gwajin nan na adalci, kuma babbar kotu tana kallonta a matsayin abin da ake kawo mata shaida a kai. Sai a 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, Kotun Ƙoli ta bakin Mai Shari'a Bashir Wali ta bayyana ƙarara cewa shari'ar Musulunci ba al'adar wata ƙabila ba ce, tsari ne cikakke, rubutacce. An kusa shekara ɗari kafin a warware abin da aka ƙulla da layi ɗaya.

Maganar ƙasa ta fi wannan nuna ƙarfin alƙalami. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan ya binciki yadda mutanen Arewa ke mallakar ƙasa. Shaidun da ya saurara jami'an mulki ne da 'yan kasuwar Turawa, wasu daga cikin manyan jami'an kuma, irin su Gwamna Girouard da C. L. Temple, ra'ayin wani Ba'amurke Henry George ya yi tasiri a kansu, mai cewa bai kamata ƙasa ta zama dukiyar mutum ɗaya ba. Kwamitin ya ƙarasa da cewa a al'adarmu ba a san mallakar ƙasa ta ƙashin kai ba. A 1910 aka yi doka, ƙasar Arewa ta koma hannun Gwamna a matsayin amana, manomi yana da haƙƙin zama da noma kawai. Dokar 1962 ta gaji wannan, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa shi a kan Najeriya gaba ɗaya. Alhali manomin Kano ya san gandu da gayauna, ya san aro da jingina da saye, alƙali kuma yana raba gona a gado. Masanin tarihi Steven Pierce, a bincikensa na 2005 kan manoman Kano, ya nuna yadda tsarin da Turawa suka ce sun tarar ya yi nisa da abin da ake yi a ƙauye. Takardar shaidar mallaka da ake bin layi a nema yau, jikanyar wancan rahoto ce.

Yanzu ga inda zancen ya fi zafi, wato laifuffuka. A 1947 aka yi shari'ar Tsofo Gubba. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci ta yanke masa kisa. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya kai wa wani farmaki da gangan har ya mutu, ƙisasi ya hau kansa in magada suka nema, ba a duba cewa an tunzura shi. A dokar laifuffuka ta Turawa kuwa tunzurawa tana sauko da laifin daga kisan kai zuwa wanda bai kai na rataya ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin. Sarakuna da alƙalai suka ga an taɓa musu iko, gwamnati ta yi ta gyaran doka tana komawa, shekara goma ba a samu matsaya ba. A zahiri kuwa ran mutum ya dogara da kotun da aka fara kai shi.

Cikin wannan ruɗani masanan jami'a suka shigo. Joseph Schacht, Bature masanin shari'ar Musulunci, ya zagaya Arewa a 1950. J. N. D. Anderson na Jami'ar Landan, wanda ya taɓa aikin mishan a Masar kuma ya iya Larabci sosai, ya bi ƙasashen Afirka da Ingila ke mulka, ya fitar da littafi a 1954. A ciki ya ce in aka cire yankin Larabawa, da wuya a sami inda ake aiki da shari'ar Musulunci da faɗi kamar Arewacin Najeriya, musamman a laifuffuka. Malamanmu za su ji wannan a matsayin yabo. Shi a wurinsa matsala ce da ke neman magani. Ga kuma kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958 da ya saurari koken ƙananan ƙabilu, waɗanda da yawansu suka ce suna tsoron kotun alƙali, inda shaidar wanda ba Musulmi ba ba ta da nauyi ɗaya da ta Musulmi. Ingila ta nuna wa Sardauna cewa sai an gyara wannan kafin Arewa ta sami mulkin kanta.

Gwamnatin Arewa ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ake yi, sannan ta kira kwamitin masana shari'a a Kaduna a 1958. Shugabansa Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, akwai Anderson, sai 'yan gida uku: Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙali Musa na Bida. Shawararsu ce ta haifi Final Kod da dokar bin shari'ar laifi da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda aka taƙaita ikonta ga aure da saki da gado da wasiyya da wakafi da makamantansu. An sa wani kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu ya duba daftarin. Shi ya sa aka sami sassan da babu irinsu a dokar Kudu, kamar hukunta zina, da hukunta Musulmin da ya sha giya, da bulalar haddi. Tunzurawa kuma ta shigo a sashe na 222, wato a maganar Tsofo Gubba ɓangaren Turawa ne ya yi rinjaye.

Masana sun rabu biyu kan wannan sulhu na 1960, kuma har yau ba su haɗu ba. Ɓangare ɗaya, wanda Anderson da wani Baturen gwamnatin Arewa S. S. Richardson da ɗalibansu suka fara, yana ganin dabara ce ta shugabanni masu hangen nesa: an sami doka ɗaya ga Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, an kuma yi ta da yardar malamai. Ɗaya ɓangaren ya taso ne daga Zariya da Kano, cikin waɗanda suka haɗa karatun zaure da na boko. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai 'yan Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ta yaye irin su Abubakar Gumi. Daga baya Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ke Kongo, da tsangayar Jami'ar Bayero, suka yaye wani sabon zubi. Alƙali Abdulmalik Bappa Mahmud da Farfesa Auwalu Yadudu da ire-irensu sun yi rubutu suna cewa yardar da aka samu a 1960 ta wanda aka matsa wa ce, kuma abin da Turawa suka kasa yi da ƙarfi a shekara sittin, an yi shi a ƙofar fita da sunan gyara.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe gaskiya guda ya saki guda. Koken ƙananan ƙabilu ba ƙirƙira ba ne, kuma kotunan En'e sun zama sandar dukan 'yan NEPU, wannan duk dattijon Kano ya sani. Amma kuma gaskiya ne cewa an rage wa shari'a iko ƙarƙashin matsin lamba, kuma Anderson bai ɓoye cewa yana son ganin ta tsaya ga al'amuran iyali ba. Wanda ya rubuta tarihin ba tare da ɗayan biyun nan ba, wa'azi ya yi wa jama'arsa.

Wannan rubuce-rubuce na Zariya bai tsaya a ɗakin karatu ba. Shi ya ba da harshe da hujja ga muhawarar Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978, inda wakilai Musulmi suka fice kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta tarayya. Shi kuma aka ɗauko a Oktoba 1999 da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Sai dai akwai wani sashe na tsarin mulki da ya tsara yadda abin zai kasance, sashe na 36(12), mai cewa ba a hukunta kowa sai da laifin da aka fayyace a rubutacciyar doka tare da hukuncinsa. Alƙali ba zai buɗe Muhtasar ya yanke hannu ba, dole majalisar jiha ta mayar da fiƙihu sashe-sashe. Masu tsara kundin suka yi aiki cikin gaggawa, kuma kamar yadda Rudolph Peters na Amsterdam ya nuna a nazarinsa na 2003, sun sa babin haddi da na ƙisasi da diyya, sauran laifuffukan kuwa mafi yawansu daga Final Kod aka kwaso su aka kira su ta'aziri. Kundin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, har Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Zariya ta zauna ta tsara daidaitaccen kundi guda a 2002, amma ba duk jihohi suka ɗauka ba.

Daga nan duniya ta waiwayo. Yanke hannun Buba Jangebe a Zamfara a 2000, da hukuncin jifa kan Safiya Hussaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, sun jawo littattafai da kundayen digiri da tarurruka a Turai da Amurka. A cikinsu akwai aiki na ƙwarai. Philip Ostien da abokan aikinsa a Jami'ar Jos, da haɗin gwiwar Jami'ar Bayreuth ta Jamus, sun bi jihohin nan suna tattara dokoki da rahotannin kwamitoci da bayanan shari'o'i, suka buga su juzu'i biyar a 2007. Ba don su ba, da takardu da yawa sun salwanta. A cikin aikin nan ne mutum zai karanta yadda aka sallami Amina Lawal a Satumba 2003, ya ga cewa da hujjojin Malikiyya aka kuɓutar da ita: haƙƙin janye iƙirari, da maganar kwantaccen ciki wanda kan iya kai shekara biyar a jingina shi ga tsohon miji, da kuskuren da ƙaramar kotu ta yi wajen zama. Wanda ya san shari'ar daga jaridun waje kawai zai ɗauka matsin lambar duniya ce kaɗai ta yi aiki.

Amma a nan ne damuwata take. Ba a taɓa aiwatar da jifa ba, yanke hannun da aka aiwatar ƙalilan ne, ga shi kuwa su suka sha mafi yawan tawada. Ka shiga kotun shari'a ta unguwa da safe ka ga abin da ke cika benci. Mace ce da goyo, mijinta ya yi wata huɗu bai kawo ko mudun masara ba, tana neman hul'i. Alƙali ya tambaye ta nawa aka ba ta sadaki, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, dubu talatin ne, amma ya ce sai na biya har kayan lefe." Mijin ya ce ya kashe fiye da haka. Magatakarda yana rubutawa da Hausa cikin wani ƙaton littafi mai bangon kwali. Bayansu 'yan'uwa bakwai ne da gida ɗaya na gado wanda ba ya rabuwa, bayansu mai bin bashin kuɗin taki. Nawa alƙalai ke yankewa a hul'i, kuma me suke dogara da shi? Wa ake ba riƙon 'ya'ya a aikace, uwa kamar yadda littafi ya ce, ko dangin uba kamar yadda aka saba? In an raba gona, 'ya mace tana karɓar kasonta ƙasa, ko kuɗi ake ba ta a sallame ta? Amsoshin suna kwance cikin waɗannan littattafai, a ɗakunan ajiya da gara da yoyon damina ke ci.

An taɓa nuna abin da za a iya samu in an buɗe su. Allan Christelow ya ɗauki rajistar majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, ta shekarun 1913 da 1914, wadda aka rubuta da Larabci, ya fassara ya yi nazari, aka buga a 1994. A ciki ana ganin gwauraye mata suna ƙarar gona, bayi suna neman fansa, magada suna zaɓar diyya. Ana kuma ganin majalisar tana bambanta hukuncin shari'a da abin da ta kira hukuncin zamani, wato wanda ta yanke bisa ƙa'idar da Turawa suka kawo, ba tare da ta ce shi ne shari'a ba. Wannan ɗan littafi ya fi tarin rahotannin Razdan nuna yadda malamai suka zauna da mulkin mallaka. Muhammad Sani Umar ya bi irin wannan sawu a bincikensa na 2006 kan yadda malaman Arewa suka amsa wa Turawa. Rajista irin wannan tana nan a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'ajiyar kotunan yanki da suka gaji na En'e daga 1967 zuwa 1968.

Akwai dalilan da suka sa ake tsallake su, kuma ba lalaci ba ne kawai. Mai ba da kuɗin bincike daga waje ya fi son batun da zai ja hankali a ƙasarsa. Malamin jami'a a nan ƙarin girma yake nema, shi kuwa yana zuwa ne da maƙala da Turanci, mafi sauƙi kuma ita ce wadda za a zauna a ofis a kwatanta sashe da sashe, a kawo hukuncin Kotun Ƙoli uku, a rufe da shawarwari. Rahotannin shari'a da ake bugawa na manyan kotuna ne, alhali mafi yawan ƙararraki ba sa wuce kotun farko. Karanta rajista kuma yana son mutum mai Larabcin fiƙihu da Hausa da ajami da sanin dokar boko, ga haƙurin ƙura. Muna da masu wannan haɗi, alƙalai da muftai da suka yi ritaya, amma jami'a ba ta san inda za ta ajiye wanda ba shi da digiri na uku ba.

Haka ma ɓangaren da ba Musulmi ba. Binciken Paul Bohannan na 1957 kan yadda Tibi ke shari'a har yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya, amma dokokin al'adar Kudancin Kaduna da Filato da Maguzawan Kano da Katsina ba su sami kulawar da ta kai yawan mutanen da ke rayuwa da su ba. A tsallaken iyaka, a Maraɗi da Damagaram, mutanen ɗaya ne, mazhabar ɗaya ce, amma Faransa ta bar wani tsari inda alƙalin gwamnati ke zama da masana al'ada a shari'ar aure da gado, kuma an sha yunƙurin kafa dokar iyali ana janyewa saboda adawar ƙungiyoyin addini. Kwatanta Katsina da Maraɗi kaɗai ya isa aikin rayuwar masani guda.

Illar wannan giɓi tana fitowa duk lokacin da aka tashi gyara. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana cewa wani kwamitin malamai yana tsara daftarin dokar iyali. Nan take muhawara ta tattara kan magana ɗaya, wai za a hana talaka ƙara aure, kowa ya jawo aya da hadisi da labarin maƙwabcinsa. Masu goyon baya da masu adawa duk suna maganar yawan saki da rashin ciyarwa, amma ba wanda ya ajiye ƙididdigar kotuna a gaban jama'a aka yi gardama a kanta. Daga baya shi Sarkin ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan kan wannan batu, ya duba bayanan wasu kotunan shari'a na Kano, ya kwatanta da Maroko, ƙasar Malikiyya da ta sabunta dokar iyalinta a 2004. Ko mutum ya yarda da matsayarsa ko bai yarda ba, hanyar da ya bi ita ce daidai, kuma duk mai son ya musa masa sai ya koma wa rajistar ya ƙirga da kansa.

Aikin da ya rage ba ya buƙatar jiran kowa daga waje. Hukumar shari'a ta kowace jiha tana da ikon ta ba da izini a ɗauki hoton tsofaffin rajistoci a adana su a kwamfuta, a ɓoye sunayen masu ƙara. Tsangayoyin shari'a na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yaye ɗaruruwan ɗalibai duk shekara, kowanne da kundin kammala karatu. In aka ba kowane ɗalibi kotu ɗaya da shekara ɗaya, aka haɗa shi da tsohon alƙali ya riƙa warware masa abin da ya shige masa duhu, aka kuma yarda ya rubuta sakamakon da Hausa tare da Turanci, alƙalin da aka nazarci hukuncinsa zai iya karantawa ya ce an fahimce shi ko ba a fahimce shi ba.